Ciwon Hannun Wani Makaɗin Jita a Maradi: Nazarin Lamari

Wanda wannan nazari ya shafa matashi ne ɗan shekara 26, mazaunin unguwar Zariya a birnin Maradi, wanda yake kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗan biki da dare, da rana kuma yake neman abincinsa da kabu-kabu. Ba bahago ba ne, saboda haka hannunsa na hagu ne yake riƙe wuyan jita yana danna tsirkiya, na dama kuma yana kaɗawa. Ya shekara bakwai a wannan sana'a ba tare da wani ciwo ba, in ban da zafin kan yatsu na farkon koyo, wanda ya gushe da kansa bayan da kanta ta fito. Sai ga shi cikin mako shida kacal hannun da ya yi shekara bakwai yana aiki lafiya ya kasa riƙe ko butar alwala. Tambayar da ta dace a yi a irin wannan hali ita ce mene ne ya sauya a cikin waɗannan makonni, domin jita dai ita ce wadda ya saba da ita, hannun kuma shi ne na jiya.

Yadda ciwon ya faro

A shekarar da abin ya faru azumi ya kama a farkon watan Maris, wanda ya sa bukukuwan aure suka cunkushe a Janairu da Fabrairu, kowa yana so a kai amarya kafin a ga wata, ga kuma kuɗin kaka da bai gama ƙarewa a hannun jama'a ba. Ƙungiyar tana da masu jita biyu, shi yana fitar da zaƙin waƙa a kan tsirkiya ɗaiɗai, abokinsa kuma yana riƙe amon rakiya. A ƙarshen Disamba abokin ya tafi ci-rani Agadas, shugaban ƙungiyar bai nemo wani ba, aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya. Daga dare biyu a mako aka koma dare biyar, kowane wasa kuma yana farawa bayan isha'i ya kai sha biyun dare ko ya gota.

Amon rakiya ba kamar fitar da waƙa ba ne ta fuskar wahalar hannu. Yawancinsa ana yin sa ne da kamun da makaɗa ke kira bare, inda ake shimfiɗa manuni a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, babban yatsa yana tokare da bayan wuyan jita, a riƙe haka minti biyar ko goma ba sassautawa. Da yake bai goge a wannan fanni ba, sai ya ƙara wa kansa atisaye na awa biyu zuwa uku a gida kowace la'asar, kuma saboda ɗaukewar wuta da rashin amfilifaya a ɗakinsa, yana yin atisayen ne a kan wata tsohuwar jitar akwati da aka sayo masa ta hannu daga Katsina. Sannan lokacin hunturu ne. Yakan taso daga gida a kan babur cikin iskar dare, ya isa wurin biki yatsunsa sun sandare, ya sauka ya rataya jita a fara, domin masu biki ba sa jiran makaɗi ya ɗumama hannu.

Alamomin sun zo ne bi da bi. Da farko gajiya ce da nauyi a damtsen hagu, wadda takan tafi kafin gari ya waye. Daga baya wani zogi ya tsaya a gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, yana tashi idan ya matse wuyan jita, ko ya ja kulocin babur, ko ya matse wanki. A mako na huɗu wurin ya ɗan tasa, kuma idan ya motsa yatsan yakan ji kamar wani abu yana gurzawa a ciki. A ƙarshe sai barci ya fara gagararsa, domin cikin dare babban yatsa da manuni da na tsakiya sukan mutu su yi minjirya, sai ya tashi zaune ya yi ta yarfe hannun kafin su dawo.

Abin da aka gwada kafin a je asibiti

Ya fara da man zafi, da bai yi ba ya koma ga masu tallar magani a bakin tasha, aka ba shi diklofenak, ya riƙa shan ƙwaya biyu kafin kowane wasa, sau da yawa ba tare da ya ci wani abin kirki ba. Wani abokin sana'arsa na kabu-kabu ya miƙa masa tiramol, ya ƙi karɓa, kuma wannan ƙin yana cikin abubuwan da suka taimake shi. A ganina wannan mataki na shan ƙwaya kafin wasa shi ne ya fi kowane ɓarna, domin maganin bai rage aikin da jijiyar take yi ba, abin da ya yi kawai shi ne toshe hanyar da jiki yake sanar da shi cewa ya isa haka. Da ƙwaya a cikinsa yakan yi awa huɗu yana matsar abin da ba zai iya jure wa rabin awa ba idan babu ita, washegari kuma ya tashi da ciwon da ya fi na jiya. Ban da haka, irin wannan magani idan aka daɗe ana shan sa a kan yunwa yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda.

Mahaifiyarsa ta sa aka kai shi wurin mai ɗori. Tsohon ya lalubi hannun ya ce babu karaya, kuma a nan ya yi gaskiya, amma sai ya ɗauke shi a matsayin targaɗe, ya ja babban yatsan da ƙarfi ya murza wurin da ya kumbura. Ɗori sana'a ce da jama'a suke amfana da ita a inda ƙashi ya goce, sai dai jijiyar da ta kumbura saboda yawan gurzawa ba ja da murza take bukata ba, kuma daren ranar bai runtsa ba. Da aka ga haka sai zance ya fara karkata ga baki da hassadar abokan sana'a, tun da yake a lokacin sunansa ya fara fita a gari.

Shi kuwa shugaban ƙungiyar, wanda mawaƙi ne ba mai jita ba, abin da ya ce masa shi ne: «Ƙanena, hannu ne bai saba ba, ka daure, bayan Salla za ka manta.» Wannan magana tana da tushe, amma an ɗora ta a inda ba wurinta ba. Zafin fatar kan yatsa shi ne ake daurewa har kanta ta fito. Ciwon da yake cikin gaɓa ko wuyan hannu ko damtse, musamman wanda yake kwana ya tashi da mutum, ba ya sabuwa, ƙaruwa yake yi. Abin ya zo ƙarshe ne a wani biki a Tibiri, inda manuninsa ya kasa danne tsirkiyoyin, amo ya riƙa fita a dakushe, mai fiyano ya rufa masa asiri har aka tashi.

Abin da likita ya gano

Likitan da ya duba shi ya ɓata lokaci mai tsawo a kan tambayoyi kafin ya taɓa hannun: wace sana'a, awa nawa, me ya ƙaru a kwanakin nan, waɗanne yatsu ne suke mutuwa, waɗanne ne ba sa yi. Sannan ya sa shi ya lanƙwashe babban yatsa cikin tafin hannu, ya dunƙule sauran a kansa, ya karkata wuyan hannun zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Matashin ya zabura saboda zafin da ya tsarga masa daga gindin yatsan zuwa damtse. Wannan shi ne gwajin da ake dangantawa da sunan Finkelstein, kuma yana nuna ciwon da wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana a shekarar 1895. Jijiyoyi biyu da suke ɗaga babban yatsa suna buɗe shi suna ratsawa ne ta cikin wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu. Idan aka yawaita matsa da babban yatsa alhali wuyan hannu yana karkace, kuben yakan yi kauri ya ƙara matsewa, jijiyoyin su riƙa gurzar sa a kowane motsi, kamar igiyar guga da take cin bakin rijiya tana cin kanta.

Mutuwar yatsu da dare kuwa wani lamari ne dabam, ko da yake tushensu ɗaya. Tsokar da take lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba, a damtse take, tana jan su ne da dogayen jijiyoyi. Tara daga cikin waɗannan jijiyoyin ja suna bi ta wani ɗan rami a tsakiyar wuyan hannu, wanda ƙananan ƙasusuwa takwas suka kewaye ta ƙasa da gefe, wani tauri kuma ya rufe shi ta sama, kuma tare da su ne jijiyar ji ta tsakiya take wucewa, wadda take kai saƙo ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Ramin ba ya buɗewa. Idan jijiyoyin ja suka kumbura, ko aka daɗe da wuyan hannu a lanƙwashe, jijiyar ji ce take shan matsi. Likitan ya sa shi ya saki hannuwansa a lanƙwashe na minti ɗaya, gwajin da ake kira na Phalen, kafin minti ya cika yatsun nan uku suka fara minjirya. Ƙaramin yatsa bai yi ba, kuma wannan ya nuna cewa ɗaya jijiyar jin, wadda take bi ta bayan gwiwar hannu ta kai saƙo ga ƙaramin yatsa, lafiyarta lau.

An gwada sukarin jininsa, domin ciwon sukari yana cikin abubuwan da suke sa jijiyar ji ta yi saurin kamuwa, aka samu daidai yake. Hoton ƙashi bai nuna kome ba, abin da ya so ya ƙarfafa zancen baki a gida, har sai da aka fahimtar da mahaifiyar cewa hoton ƙashi ƙashi yake gani, ba ya ganin kumburin jijiya. Tsokar gindin babban yatsansa ba ta rame ba, kuma yatsun suna dawowa da rana, wato matsin bai kai ga lalata jijiyar ba. Da a ce mutuwar yatsun ta zama ta dindindin, ko tsokar ta fara shanyewa, ko abubuwa sun fara suɓuce masa, da maganar aikin fiɗa ce za a yi. Likitan ya kuma tabbatar cewa yatsun suna bin umarninsa, domin akwai wata cuta dabam da take kama kimanin ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, inda yatsa yake naɗewa da kansa ba tare da ciwo ba, kuma ita daga ƙwaƙwalwa take, hutu ba ya warkar da ita.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin rauni na mutum ɗaya ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1988, wanda ya tattara amsoshin makaɗa 2,212 na manyan ƙungiyoyin kiɗa, ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari sun taɓa fama da wata matsalar lafiya da ta kai ga shafar aikinsu. Waɗannan kuwa mutane ne masu kayan kiɗa gyararru da albashi da ranakun hutu, ba masu kwana a filin biki su wayi gari a kan babur ba.

Babur ɗin ma yana da nasa kaso, kuma shi ne abin da matashin bai taɓa kawowa a ransa ba. Kuloci a hannun hagu yake. Ɗan kabu-kabu a cikin cunkoson babbar kasuwa yana matse shi yana saki ba adadi daga safe zuwa azahar, ga girgizar kan babur tana shiga tafin hannu, kuma wayar kulocin nasa ta bushe da ƙurar hunturu har sai an sa ƙarfi. Tsokar da take jan kuloci ita ce dai take danna tsirkiya. Ashe hannun da yake zaton yana hutawa da rana bai taɓa hutawa ba.

Jitocin biyu

Likitan ya ce masa: «Samari, ni hannu na sani, ban san jita ba. Ka nemi wanda ya san ta ya duba maka, in ba haka ba za ka dawo mini da wannan ciwo bayan wata uku.» Wanda aka samu wani dattijo ne mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda ya yi kiɗa a ƙuruciyarsa kafin ya ajiye. A nan ne, a ganina, aka gano rabin ciwon.

Dattijon ya kwantar da jitar akwatin a kan tebur, ya ɗauko ƴar rula ta ƴan makaranta ya tsayar da ita a kan ƙarfen gaɓa ta goma sha biyu daga cikin ƙarafan da aka jera a gicciye a wuyan jita, wato tsakiyar tsawon tsirkiya. Tazarar da take tsakanin ƙarfen da babbar tsirkiya ta kusa milimita 6. A jitar akwati da aka daidaita, wannan tazara ba ta cika wuce milimita biyu da rabi zuwa uku ba, a ta lantarki kuma wajen milimita biyu ce ko ƙasa da haka. Ya ɗaga jitar ya kai ido ta tsawon wuyanta, ya nuna wa matashin yadda wuyan ya ranƙwafo gaba, sannan ya zura farce a ƙarƙashin jakin da yake riƙe tsirkiyoyi a kan akwatin, farcen ya shige, alamar cewa gam ya fara saki. Dalili a fili yake. Tsirkiyoyin ƙarfe masu kauri irin waɗanda aka ɗaura mata, masu lamba 12, suna jan wuyan jita da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana. Jitar ta yi shekaru a jingine a ɗakin kwano, a garin da zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a inuwa, gam ya yi laushi, katako ya sha bushewar hunturu da laimar damina, wuyan ya bi jan tsirkiya sannu a hankali. Saboda sauyin a hankali ya zo, mai ita bai lura ba, ƙarfin matsarsa ne kawai ya riƙa ƙaruwa. Tsirkiyoyin kuma sun yi tsatsa, domin ba ya sauya su sai wadda ta tsinke.

«Ɗana,» in ji dattijon, «wannan ko ni da nake da hannun maƙera ba zan yi bare a kanta ba.» Matashin ya ce: «Baba, ai cewa aka yi wanda ya iya da mai tauri, mai laushi ba za ta ba shi wahala ba.» Wannan ra'ayi ya yaɗu a tsakanin matasan makaɗa, kuma ana iya gane inda ya samo asali, tun da a ƙasar nan ta Nijar an san cewa shahararren makaɗin jita Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Amma abin da rashi ya tilasta wa yaro mai koyo ba shi ne tsarin da mai sana'a zai ɗora wa hannunsa awa uku kullum ba. Jita mai tauri ba ƙarfi take koya wa hannu ba, matsa fiye da kima take koya masa, kuma ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta kan jitar lantarki inda ba a bukatarta.

Gyaran da aka yi mata ba mai tsada ba ne. An sake manne jakin, an ɗaure ƙarfen da yake cikin wuyan da kwatan juyi kwatan juyi ana barin katako ya zauna, an goge ƙasan farin ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa, bisa ƙa'idar cewa duk milimita biyu da aka rage a can yana sauke milimita ɗaya a gaɓa ta goma sha biyu. An kuma zurfafa tsagogin da suke can saman wuya, domin tsayinsu ne yake sa bare a gaɓar farko ta zama azaba. Aka sa tsirkiyoyi sirara, aka kuma sassauta ɗaurinsu da rabin murya, wanda shi kaɗai yana rage jan da wajen kashi 11 cikin ɗari. Ba wani abin kunya ba ne: Tony Iommi, shahararren makaɗin jita na Ingila, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana saurayi, da siraran tsirkiyoyi da sassauta ɗauri ya ci gaba da sana'arsa.

Jitar lantarkin ta ƙungiya ce, kuma tazarar tsirkiyarta ba ta da laifi sosai. Laifin yana wurin maratayi. Matashin yakan sake shi har jitar ta sauka kan cinyarsa, saboda haka ya ga ana yi a bidiyo, kuma ba a musun cewa tsayuwar tana da kyan gani. Sai dai idan jita ta yi ƙasa haka, ba yadda za a yi manuni ya shimfiɗu a kan tsirkiyoyi shida sai an karya wuyan hannu sosai, an tura shi gaba, babban yatsa kuma ya ɗauki dukkan nauyin matsar. Wato daidai yanayin da likita ya sa shi ya yi na minti ɗaya don ya tayar da minjirya, shi yake yi na awa huɗu. An ɗage maratayin har jitar ta zo daidai inda take zama idan yana zaune, aka ɗaga kan wuyanta sama kaɗan, aka sauya siririn maratayin da mai faɗi saboda kafaɗa, aka kuma sa mata tsirkiyoyi masu lamba 9, waɗanda jansu gaba ɗaya bai kai kilo 40 ba.

Magani da komawa aiki

Maganin asibiti bai da yawa. An ba shi maɗauri mai ƙarfe a ciki wanda yake riƙe babban yatsa da wuyan hannu a miƙe, ya sa shi dare da rana na mako huɗu yana cirewa don alwala da wanka, daga nan ya ci gaba da kwana da shi. An rubuta masa maganin kumburi na kwana goma kawai, a sha bayan buɗa-baki da abinci a ciki. Likitan ya ajiye allurar da ake yi a cikin kuben jijiyar a matsayin mataki na biyu idan maɗauri bai wadatar ba, ya kuma gaya masa cewa tana aiki ga yawancin masu wannan ciwo, amma ba a yawaita ta, domin tana iya raunana jijiya ta kuma bar farin tabo a fata. Ba a kai ga yin ta ba.

Sa'ar da ya yi ita ce shigowar azumi, lokacin da bukukuwa suke tsayawa, don haka hutun jita bai ci masa ko dala ba. Babur ne ya zama abin jayayya, domin shi ne cefanen gidan. A ƙarshe ya bai wa ƙanensa yana yi yana kawo masa balas, aka kuma sauya wayar kulocin aka sa mata mai. Nan ne ake gane cewa cewa mutum ya huta abu ne mai sauƙi a bakin mai faɗa. Wanda ba shi da ƙanen da zai karɓi babur, ko wanda ciwonsa ya zo a tsakiyar kakar biki, ba zai iya bin wannan shawara yadda take ba, sai dai a nema masa abin da zai rage, ko da ba zai daina ba.

Bai jira ciwon ya ɓace ƙaf kafin ya taɓa jita ba, kuma bai koma gaba ɗaya ba. A mako na biyar ya fara da minti biyar sau biyu a rana a kan jitar lantarki ba tare da bare ba, yana ƙara kaɗan bayan kowane kwana uku, da sharaɗin cewa idan zogi ya kwana ya tashi da shi, ya koma matakin baya. Kafin ya fara yakan tsoma hannuwansa a ruwan ɗumi, ya buɗe yatsu ya rufe, ya juya kafaɗu, sannan ya yi minti biyar yana kaɗa abu mai sauƙi a hankali. Dattijon ya ba shi wani darasi da ya ce ya fi kowane amfani: ya ɗora yatsa a kan tsirkiya dab da bayan ƙarfen gaɓa ba tare da ya danna ba, ya riƙa kaɗawa yana ƙara nauyi kaɗan kaɗan har amon ya fita tas, ya tsaya a nan. Matashin ya yi mamakin ƙanƙantar ƙarfin da ake bukata, domin abin da ya saba sawa ya ninka haka sau da yawa. Ya kuma koyi barin nauyin damtse ya ja manuni baya a lokacin bare maimakon babban yatsa ya yi ta matsa, da sassauta kamun a tsakanin bugu da bugu, da kama tsirkiya uku ko huɗu kawai a inda mai fiyano da mai babbar jita suka riga suka cike ƙasan amon. A waƙoƙin da suke zaune a murya ɗaya daga farko har ƙarshe kuwa yana maƙala kafo, wato ɗan matsewar da yake danne tsirkiyoyi gaba ɗaya, a wuyan jitar ya riƙe masa abin da manuni yake riƙewa.

Gwajin gaskiya ya zo ne bayan ƙaramar Salla, da bukukuwa suka dawo. A lokacin bai wuce rabin awa a zama ɗaya ba, saboda haka a makonni biyun farko ƙungiyar ta ɗauko wani yaro ya riƙe rakiya, shi kuma ya tsaya a kan fitar da waƙa, yana ajiye jita idan an shiga kirari da liƙi. Shugaban ya amince da hakan ne bayan da aka lissafa masa cewa kuɗin yaron bai kai asarar rasa mai jita na wata biyu ba.

Wata huɗu bayan zuwansa asibiti, mutuwar yatsu da dare ta daina, kumburin gindin babban yatsa ya sauka, kuma yana yin cikakken wasa dare uku a mako. Ciwon bai rabu da shi ɗungum ba: ranar da ya yini a kan babur sannan ya yi wasa da dare yakan ji zogin ya motsa, don haka ya tsara cewa ranar biki yana ajiye babur da azahar, wanda ya rage masa abin da yake samu. Yaron da aka ɗauko na wucin gadi ne, abokinsa bai dawo daga Agadas ba, kuma har yanzu shugaban ƙungiyar bai yanke ko zai ɗauki mai jita na biyu kafin kakar biki mai zuwa ba.